Zuwa ga ɗana, a kan wuƙar da ke aljihunka

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maigidanka da abokan aikinka. Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka, ƙannenka suna gona.

Direban da ya kai maka saƙon innarka ya dawo, kuma abin da ya faɗa mini ya hana ni barci. Ya ce ya same ka a lambun dashen nan na bakin titi kana aurar da mangwaro, wato haɗa reshen wata bishiya a jikin wata, wuƙar hannunka an ɗaure ƙotarta da robar tayar keke, bakinta yana rawa. Ya ce a gabansa ta naɗe da kanta, ka janye hannu kana dariya. Dariyar nan ita ta fi ɓata mini rai.

Ranar da za ka tafi Abuja ka nemi wuƙar kakanka, Okapi, na hana ka, ka fita kana fushi, har innarka ta sa baki. Har gobe ina kan bakana. Da ita nake aiki, da ita ƙaninka ke koyo, kuma na ba ka kuɗin da ya isa ka sayi mai kyau. Sai ka je ka ɗauko mai ƙyalli, irin wadda ake latsawa ta fito da ƙara, wadda ko sunan maƙerinta babu a jiki, sauran kuɗin ka zuba a waya. Araha ba ta ado, ka sha jin wannan a bakina.

Ka san me ya sa ta kakanka ta kai yau? Tun 1902 ake ƙera Okapi a garin Solingen na Jamus domin kasuwar Afirka, sai a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Tamu ta zamanin Jamus ce. Ba wata wuƙar sarauta ba ce, ta talaka ce, amma sifirin da ke bayanta yana kama gindin ƙarfen tsam, ba ya saki sai ka ja zoben da ke jikin sifirin. Kuma ba a taɓa ɓamɓare murfin gwangwani da ita ba, ba a kwance noti da tsininta ba, ba a dora ta a kan reshe an doka bayanta da dutse ba. Wuƙa mai naɗewa ba daga kaifi take mutuwa ba, daga gaɓa take mutuwa, wurin ƙusar da ta haɗa ƙarfe da ƙota. Duk lokacin da ka wurga ta ta buɗe da ƙarfi don abokai su gani, ƙarfe yana cin ƙarfe a wurin. Ƙurar hunturu da zaren aljihu suna taruwa a ramin makullin, har ya daina shiga yadda ya kamata, kai kuwa kana ganin a kulle take.

Yau ɗin nan ka buɗe taka, ka kama ƙotar ta gefe yadda babu yatsa ko ɗaya a kan ramin da bakin wuƙar ke shiga, ka danna bayan wuƙar a jikin katako. Idan rawar da take yi ta hagu da dama ce, maƙeri zai iya dankwafe kan ƙusar ta tsaya. Idan kuwa sama da ƙasa take motsi, ko ta saki ko da kaɗan, makullin ya cinye, babu gyara. Roba ba za ta riƙe ta ba. Ka binne ta inda yaro ba zai tono ba.

Ina so ka fahimci abin da nake tsoro. In ta naɗe kana tsakiyar yanka, a bayan manuniyarka za ta sauka, inda jijiyar da ke miƙe yatsa take kwance ƙarƙashin fata, babu naman da zai kare ta. Jijiyar nan in ta tsinke ba ta haɗewa don an ɗaure da tsumma, sai likita ya ɗinke, a yi makonni hannu a ɗaure, kuma ba kowa yatsansa ke dawowa daidai ba. Ka san ɗan gidan kawunka, ka ga yadda yake riƙe cokali har yanzu. Kai ba ka da shago, ba ka da takardar ofis. Yatsun nan su ne jarinka, da su za ka yi aure, da su za ka riƙe innarka in ƙasa ta rufe mini ido. Wane mai lambu ne zai ɗauki mai aurar da bishiya wanda manuniyarsa ba ta miƙewa? Ashe duk shekarun da na tsugunar da kai kusa da ni a lambu, abin da ka koya ke nan, ka yi wasa da hannunka saboda kuɗin da bai kai na katin waya ba? Wallahi ban haife ka don ka zama abin tausayi a garin mutane ba.

Ko aikin kansa tana ɓata maka. Auren bishiya yana son yanka ɗaya shimfiɗaɗɗe, ɓawo ya hau kan ɓawo. Wuƙar da ke rawa tana barin tudu da kwari, iska ta shiga, reshen ya bushe, maigidanka ya ce hannunka ne ba shi da kyau.

To, ya isa. Na san kana ƙoƙari, direban ma ya yaba layukan dashenka, na ji daɗi ƙwarai. Na ba shi kuɗi ya kawo maka. Ka nemi Okapi ta gaske, ka kula, akwai jabu. In ka samu Opinel ta Faransa, mai zoben da ake murɗawa ya kulle ta, ita ma tana daɗewa, sai dai ƙotarta itace ce, tana kumbura da damina ta yi wuyar buɗewa, don haka kada ka bar ta a jiƙe. Victorinox na Suwizalan suna yin wuƙa ta musamman don aure, amma sifiri kawai ke riƙe da ita, ba a soka ta a cikin itace.

Ƙaron mangwaro da ruwan lemo suna sa baƙin ƙarfe tsatsa, ka riƙa goge ta kafin ka naɗe. In ta yi duhu ba komai, jar tsatsa ce abin gudu. Ɗigon man keken ɗinki a gaɓa ya wadatar, man gyaɗa daɗewa yake ya yi danƙo. Kada ka kai ta wurin masu injin wasa, suna cinye ƙarfen su ƙona bakin, ka wasa da dutse da ruwa yadda na nuna maka.

In ka saya, ka turo hotonta a wayar ƙaninka in gani da idona. Innarka tana gaishe ka, ta ce kukar da daddawar ka raba da maigidanka. Ka riƙe salla. Allah ya yi maka albarka, ya tsare.

Wassalam,
Mahaifinka.