Wace Sutura Zan Sa Zuwa Kallon Wasan Da Ɗiyata Ta Ɗinka Wa Kaya A Legas?

Assalamu alaikum Hajiya,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da iyali da abokan aikinki na wannan fili. Allah ya saka miki da alheri bisa yadda kike warware wa mata damuwarsu ba tare da kin tozarta kowa ba. Ni matar aure ce a cikin birnin Katsina, malamar firamare, shekaruna sun haura hamsin. Don Allah a sakaya sunana.

Maganar sutura ce ta kawo ni, kuma ta tsaya mini a rai ƙwarai, domin ta shafi ɗiyata ta fari. Ta karanta fannin zanen tufafi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, aure ya kai ta Legas, suna zaune a Agege ita da mijinta. A bana wata ƙungiyar masu wasan kwaikwayo ta ɗauke ta aikin ɗinka wa 'yan wasa kaya. Irin wasan nan ne da ake yi a kan dandamali a gaban jama'a, a haɗa labari da waƙa da rawa, makaɗa na zaune a gefe suna kiɗa a lokacin. A watan Disamba za a yi, lokacin da Legas ke cika da irin waɗannan wasanni a wurare kamar Terra Kulture da ke tsibirin Bikitoriya, da zauren MUSON na Onikan. Ita ba ta hawa dandamali, aikinta a bayan labule yake, kuma sai da babanta ya bincika ya gamsu kafin ya sa albarka. Yanzu ta aiko mana da tikiti biyu, ni da shi, ta ce babu abin da take so kamar mu zauna mu ga aikin hannunta a jikin mutane. Ko sunanta ba na kira saboda alkunyar ɗan fari, ban taɓa yabonta a gaban idonta ba. Wannan tafiyar ita ce hanyar da zan nuna mata abin da bakina ba ya iya faɗa, shi ya sa nake so in yi ta daidai.

Ga yadda ta kwatanta mini wurin. Kowa da lambar kujerarsa, kujerun a jere a matse, layi bayan layi. Da an fara sai a kashe fitilun wajen 'yan kallo, haske ya koma kan dandamali kaɗai. Ana ɗaukar wajen awa biyu da rabi, da hutun kamar minti goma sha biyar a tsakiya. Ba a liƙi, ba a tashi a shiga fili, ba a amsa waya, tafi kawai ake yi idan an kai ƙarshen waƙa.

Hajiya, kin san mu ba haka muka taso ba. A wurinmu ɗan kallo ma abin kallo ne. Mu da muka riski zamanin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, mun ga yadda maza ke cin ado in za a je wurin wasansa, domin haske ɗaya ne a kan kowa, kuma ba ka san lokacin da maroƙi zai ambaci sunanka ka miƙe ba. Haka a cikin gida a dā in marigayiya Barmani Coge ta zo da kiɗan ƙwarya, babu macen da za ta shigo da zanen girki. Ko hawan sallah za a je kallo a Ƙofar Soro, sai an buɗe akwati. Abin da aka koya mana shi ne kwalliya girmamawa ce ga wanda ka zo dominsa, wanda ya zo sha'aninka da kayan zaman gida kuwa ya raina ka. To yaya zan girmama ɗiyata a wurin da aka ce za a kashe wuta a kaina?

Na tambaye ta kai tsaye, sai ta ce, "Mama, duk abin da kika sa ya yi." Na san halinta, ba za ta taɓa faɗa mini abin da zan sa ba, ko da akwai abin da take so a ranta.

Yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ta ce kada in kuskura in je a raine. A cewarta matan Legas ba sa wasa da ado, in sun fita da ashobinsu sai an kauce musu, don haka in ɗinka leshi mai tsada, in kafa gwaggwaro, in sa gwal, su san yarinyar nan daga babban gida ta fito. Ƙanwar maigidana kuma, wadda ta yi karatu a Ingila ta sha shiga irin waɗannan gidajen wasa a Landan, ta ce babu wata doka a kan sutura, ta ga masu kwat ta ga masu wandon jins a layi ɗaya, babu mai kallon wani. Ta ce in sa doguwar riga marar nauyi kawai, har ta kawo mini karin maganar nan ta in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Surukata, Allah ya ƙara mata lafiya, magana ɗaya ta yi: hijabi har ƙasa, kamar yadda nake zuwa makaranta. Dukkansu masoyana ne, kuma kowace na ga gaskiya a maganarta.

Da na zauna na yi nazari ni kaɗai, sai na ga shawarar Yaya ita ce ta fi ba ni tsoro, duk da ita ce ta fi kusa da abin da zuciyata ta saba. Gwaggwaro mai tsayi da faɗi zai tare wa na bayana dandamali, mutum ya biya kuɗinsa ya ƙare da kallon ƙeyata. Wannan shiga haƙƙi ne, ban ga yadda za a yi in kira shi ado ba. Ko ɗaurin ture-ka-ga-tsiya da atamfa mai sitati yana iya yin haka in aka ɗaga shi sosai. Awarwaro ma haka, hannu ɗaya za ka motsa a ji ka a layi uku, ga sabuwar shadda da ke ƙara duk lokacin da mutum ya gyara zama. A gidan biki wa zai ji? Amma a wurin da aka yi tsit ana sauraron muryar mutum ɗaya, ina ganin abin zai zama damuwa ga jama'a.

Sai turare. Ni ba na fita sai kayana sun kwana a kan kabbasa sun sha turaren wuta, in kuma bi da humra. A tsakar gida ko cikin rumfa iska na ɗauke rabinsa. A rufaffen zaure mai na'urar sanyaya ɗaki fa? A ajina akwai yaro mai asma, na ga yadda ƙamshi mai ƙarfi ke tayar masa da numfashi, ba zan so in zama sanadin haka ga wani baƙo da ke gefena ba. Amma in fita babu ƙamshi ko kaɗan, sai in ji kamar ban gama shiri ba. Ina ne iyakar?

Yanayin gari ma ya shigo ciki. A Disamba nan Katsina muna cikin hunturu, da rigar sanyi muke fita da safe, Legas kuwa zafi ne da gumi. Ɗiyar tawa ta ce a waje mutum zai jiƙe, a cikin zauren kuma sanyin na'ura zai iya sa shi rawar ɗari. Leshi mai huji-huji ba zai tare sanyi ba, hijabi mai kauri kuma zai dafa ni a cunkoson motoci kafin mu isa daga Agege, tafiyar da aka ce tana iya cin awa biyu ko fiye. Na yi tunanin babban mayafi mai ɗan kauri da zan iya lulluɓa da shi a ciki, ban sani ba ko ya wadatar.

Abin da ba zan yi sassauci a kansa ba shi ne sallah. Ana yin wasan sau biyu a rana, ƙarfe 3 da ƙarfe 7, mu na ƙarfe 7 aka ba mu. Magariba a Legas a wannan lokacin tana faɗuwa bayan shida da rabi, ke nan da ƙyar za a idar a shiga. Duk abin da zan sa dole ya zama wanda hannunsa ke naɗuwa in alwala ta kama, wanda kuma zan iya ɗora hijabi a kai ba sai na warware komai ba. Ga shi surukina ne zai tuƙa mu, tare za mu zauna a layi ɗaya. Kin san kunyar da ke tsakanin uwar mata da mijin ɗiya, ko abinci ba na ci a gabansa, balle in sa abin da zai kama jiki ko mayafi shara-shara.

Yanzu bari in faɗa miki abin da raina ke so da gaske. Ina da zanen saƙi da gyautonsa, baƙi mai ratsin fari, na mahaifiyata ne, Allah ya jiƙanta. Rinin baba ne irin na dā, har yanzu in na buɗe adakar ƙamshin shuni ne ke fara tarye ni. A kansa ɗiyata ta fara koyon bambance saƙar hannu da ta inji, tana ƙarama takan bi layin ɗinkin da ya haɗa ƙwaryoyin saƙin da yatsa tana ƙirgawa. Da za ta fara wannan aikin ma sai da ta zo har Kano, ta je marinar Ƙofar Mata ta sayi rinanniyar turkuɗi da saƙi, domin akwai ɓangaren labarin da ya shafi Arewa. Ina jin in ta leƙo ta gan ni da zanen kakarta, za ta gane saƙon ba sai na yi magana ba. Sai dai abu biyu na hana ni. Na farko, shuni yana zuba, yakan bar shaida a fata da kan farin ƙyalle in mutum ya yi gumi, kada in ɓata wa mutane kujera ko rigar wanda ke kusa da ni. Na biyu, tunda 'yan wasan ma irinsa za su sa, kada in shiga a ɗauka ina cikinsu, ko abokan aikinta su ga kamar uwarta ta zo gasa da dandamali.

Maigida ma yana da tasa. Shi mutumin babbar riga ne, mai aska takwas, ba ya zuwa taro sai da ita da zanna bukar. Na ce masa kujerar ba za ta ɗauke shi da rigar ba, hannuwanta za su zuba a cinyar maƙwabta, kuma duk lokacin da ya ɗaga ya saɓa ta a kafaɗa sai ya tare wa wani. Ya ce kaftani shigar zuwa ofis ce, shi uban mai aiki ne. Ban ja da shi ba. In kina da lafazin da zan lallashe shi da shi ya yarda da kaftani mai aiki mai kyau da hula ƙube, ki taimaka mini, ko kuma in ni ce ban fahimta ba ki gaya mini.

Akwai kuma mutanen gida. Bayan an tashi za a shiga da mu bayan labule mu gaisa da shugabannin aikin, a ɗauki hotuna, kuma na tabbata kafin mu dawo sun zagaye Facebook da WhatsApp ɗin dangi. Tun yanzu akwai masu cewa ɗiyar gidan malamai ta koma yi wa 'yan rawa ɗinki. Maganar tana yi mini ciwo, domin sana'a ce ta halal take yi da iliminta, da iznin mijinta. Ina so duk wanda ya ga hoton ya ga uwa Bakatsiniya cikin kamala tana tsaye kusa da ɗiyarta ba tare da ɓoye fuska ba, kada kuma shigata ta ba wani abin faɗa a kanta.

Abin da na fi karkata gare shi a yanzu shi ne riga da zane na atamfa mai duhun launi, ɗauri ƙarami kwantacce, babban mayafi, ɗankunne da zobe kawai, takalmi marar tudu saboda matakala cikin duhu, hijabi a naɗe cikin jaka. Amma Yaya ta ce wannan shigar zuwa barka ce, ba ta isa wannan rana ba, kuma maganarta ta sa ni kokwanto. Shin hakan ya isa girmamawa, ko zai zama na rage wa yarinyar daraja a idon abokan aikinta? Saƙin mahaifiyata kuma in haƙura da shi gaba ɗaya, ko in yafa gyauton kawai a kan atamfar lokacin hoto? In akwai masu bibiyar filin nan da suka taɓa shiga irin wannan zaure a Legas ko Abuja, musamman mata 'yan'uwana Hausawa, ina roƙon su faɗi abin da suka sa da abin da suka ga ya dace.

Don Allah Hajiya a duba wasiƙata da wuri. Telana ya ce ɗinkin bukukuwan ƙarshen shekara ya fara taruwa, in ban kai masa yadi kafin ƙarshen watan nan ba, ba zai karɓa ba.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taki,
Wata uwa daga birnin Katsina