Zuwa ga Yaya, daga Kumasi

Aboabo, Kumasi.

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Inna da maiɗakinka da yara. Ni ma lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙunar da aka ce maku na yi a hannu ba wani abu ba ne, garwashi ne ya yi tartsatsi ina juya tsire, har ta bushe. Kada a ɗaga wa Inna hankali a kan wannan.

Na ba Alhajin nan mai canji kuɗi, naira dubu 150 za su shigo asusunka kafin Juma'a. Dubu 60 na Inna ne, na magani da cefane, ka damƙa mata hannu da hannu. Dubu 40 ka sayi gero ka ajiye tun yanzu da kaka, kafin ya tashi. Sauran dubu 50 ka riƙe, zan faɗi aikinsu a ƙasa. Ko sisi kada ya bi ta hannun Auta.

Yaya, a kan Autan nan na ɗauki biro. An turo mini wani bidiyo ta WhatsApp, yara cike da bayan a-kori-kura suna ihu, kowa da gora, wasu da abin da ya fi gora. Sau uku na kalla ina ƙaryata idona. Rigar mai hoton ɗan siyasar nan da ke jikin Auta ba ta dame ni ba kamar yadda takalmin ya dame ni, don ni na bar masa shi ranar da zan taho. Ga idanunsa jajur. Na san abin da ke sa idon yaro ya yi haka, kai ma ka sani. Me ya sa sai a bakin wasu zan ji? Kana gida ɗaya da shi!

Ka yi haƙuri, ban isa in ɗaga maka murya ba. Kai ka ɗauki gidan nan tun rasuwar Baba, ni ko jana'iza ban samu ba. Da ina nan wataƙila da yana gefena yana yanka albasa, bai san hanyar gidan ɗan siyasa ba. Wannan yana cina kullum.

Amma bari in gaya maka abin da na gani da idona a nan, ka karanta masa. Ranar 7 ga Disamba 2024 aka yi zaɓe a Gana. Maƙwabtana biyu a wurin sana'a, ɗaya ɗan lema ne, wato NDC, ɗaya ɗan giwa, NPP. Wata guda suna musu har jijiyar wuya, ni ina tsakiya ina fifita wuta. Washegari da safe, tun hukumar zaɓe ba ta sanar ba, Bawumia, ɗan takarar NPP, ya fito ya ce ya sha kaye, ya kira Mahama na NDC ya taya shi murna. Kuma fa a lokacin mataimakin shugaban ƙasa ne, gwamnati a hannunsu take. Da daddare ɗan giwar nan ya zo jiki a sanyaye, ɗan lema ya saya masa tsire tsinke biyar, suka ci a takarda ɗaya. Ba na ce nan aljanna ce ba, a wasu wurare an rasa rayuka a zaɓen. Su waye suka mutu? 'Ya'yan talakawa. Manyan sun gaisa sun wuce, iyayen yaran ne aka bari da zaman makoki. Mu ma ai mun ga Jonathan ya kira Buhari a 2015, mun ga waɗanda suka zagi juna a kan dandamali sun haɗu a ɗaurin auren 'ya'yansu suna dariya.

Ya tuna yaran da aka kwashe lokacin zanga-zangar Agustan 2024, aka kai su kotu a Abuja suna zubewa ƙasa don galabaita. A nan zango muka kalla a waya, kunya ta hana ni ɗaga kai. Ni ban ce kada ya damu da ƙasarsa ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya ji a jikinsa, wanda bai yi fushi ba bai san kuɗin mudu ba. Ya yanki katin zaɓe, ya zaɓi wanda ransa ya kwanta da shi, ya yi musu a majalisa iya son ransa. Amma ya zama karen farautar wani don dubu biyu da ƙwaya, wanda 'ya'yansa suna can suna karatu a waje, wannan ban yafe ba.

To ga aikin dubu 50 ɗin. Ka kai shi wurin abokinka mai gyaran waya a Farm Centre, ka biya kuɗin koyo kai da kanka, ka karɓi alkawari a gaban Kawu. Kada ka ba shi ya kai. In ya yi wata uku bai yi fashi ba, ni zan saya masa kayan aiki, ko da zan rage cin abinci. In ya ƙi, ka faɗa mini gaskiya, in nemo kuɗin mota a turo mini shi nan. Hayaƙi ba ya kisa. Shekara shida ke nan ina shaƙarsa, da shi na rufa ɗakin Inna da kwano, kuma duk layinmu babu wanda ake yi wa layi a kan chichinga, yadda suke kiran tsire a nan, kamar ni.

Sidi, kuɗin Gana, ta ɗan yi ƙarfi a 2025, shi ya sa kuka ga abin ya ƙaru, kada a ɗauka na yi kuɗi. Maganar zuwa da Sallah kuma a bar ta tukuna.

In direban nan zai taso, Inna ta ba shi kuka da daddawa, ta nan ba ta kama ƙafar tata ba. Ka gaishe da Gwaggo da Kawu da Malam. Na sake faɗa, na Inna a hannunta, na Auta a hannunka. Ka kira ni daren Juma'a bayan isha'i, ka sa shi kusa, ina so in ji muryarsa.

Ƙaninka,
na Kumasi.