Wasiƙa ga 'yata mai karatun halittun ruwa a Wuhan

Assalamu alaikum, Uwata.

Hoton da kika turo ya iso, kuma na daɗe ina kallonsa. Wato wannan ce dabbar da Sinawa ke kira aladen kogi: launin toka, kai kamar tulu, gadon baya sumul ba ƙaya, baki kamar mai murmushi. Mahaifiyarki ta ce kifi ne. Na ce mata a'a, da huhu take numfashi, nono take ba ɗanta, kamar dai ayun da muka sani a nan Yawuri.

Na ji zafin da ke cikin saƙonki kan yadda dabbar nan ke ƙarewa, kuma ban ga laifinki ba. A 2006 masana sun yi mako 6 suna bin kogin Yangtze da jirage suna neman 'yar'uwarta baiji, farar nan mai dogon baki, ko ɗaya ba su gani ba. Ita kuwa taki, ƙidayar 2017 ta nuna saura kusan 1,012. Da sauti take gane hanya da abinci, sai ga ƙarar manyan jirage da masu haƙar yashi a tafkin Poyang sun cika mata kunne. Ɗa ɗaya take haifa bayan cikin kusan shekara, to yaushe za ta mayar da abin da aka kashe?

Amma kalma ɗaya ta tsaya mini a rai: kin ce masunta azzalumai ne. Uwata, ki janye wannan. Jikar masunci ce ke. Ƙugiyoyin da suka riƙa yaga jikin baiji ba su da bambanci da mamarin da kakanki ke shimfiɗawa da magariba, kuma da kuɗin kifin mamarin nan na yi makaranta. Ni kaina, ina saurayi, na taɓa bin abokai muka zuba gamalin, maganin ƙwarin nan, a wani gulbi. Da gari ya waye ruwan ya yi fari fat da cikin kifi, har 'yan ƙananan ƙarfasa da ba su kai yatsa ba. Kakanki bai dake ni ba. Tsugunnawa ya yi a gaɓa yana juya su da sanda, bai ce uffan ba har muka dawo gida. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Ki duba da kyau yadda Sin ta yi. Da ta hana kamun kifi a Yangtze na shekara 10 daga farkon 2021, ta fitar da masunta sama da 200,000 daga ruwa, ta ba su diyya da wata sana'a, wasunsu ma suka koma masu sintirin tsaron kogin. Ƙidayar dabbar taki a 2022 ta kai 1,249. Wannan ɓangaren nake so ki koyo, domin ranar da kika dawo kika ce a bar ayu ya huta, mutumin da za ki faɗa wa yana da baki goma a gida.

In an kai ku Tian-e-zhou, tsohon hannun kogin da aka fara kai dabbar taki tun 1990 don a kare ta, ki nemi tsoffin masuntan wurin, ki gaishe su da ladabi, ki zauna ƙasa ki tambaye su inda take kiwo da lokacin da take haihuwa. Ki rubuto mini abin da suka ce.

Mahaifiyarki ta ce ki riƙa sa rigar ceto a jirgi, kuma ki kula da salla. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.