A tuna da tsohuwar majalisar gundumar Landan

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in ja hankalin masu karatu kan wata majalisa da ba a cika ambatonta ba, alhali ayyukanta na nan daram.

An kafa majalisar gundumar Landan a 1889, aka rushe ta a 1965. Ita ce hukuma ta farko da mutanen birnin suka zaɓa da ƙuri'unsu domin ta kula da Landan baki ɗaya. A 1904 aka ɗora mata nauyin makarantu. Amma a ganina babban aikinta shi ne gidajen talakawa. Unguwar Becontree kaɗai, wadda aka gina daga 1921 zuwa 1935, ta ƙunshi gidaje sama da 25,000, kuma har gobe da mutane a cikinsu. Gari guda ke nan fa!

Majalisar da ta gaje ta ba ta yi tsawon rai ba, domin gwamnatin Margaret Thatcher ta soke ta a 1986. Babban zauren majalisun biyu da ke bakin kogin Thames, daura da majalisar dokoki, yanzu otal-otal ne da wajen kallon kifaye.

Naka,
Mai karatu daga Zariya