Wasiƙa daga Las Vegas a kan Idanun Maciji

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, tare da Inna da iyalinka da sauran mutanen gida baki ɗaya. Ni ma ina nan lafiya, sai godiyar Allah. Saƙonka ya iske ni, kuma abin da ka faɗa game da Autanmu ya hana ni barci. Ka ce kuɗin makarantar da na aiko masa ya zuba rabinsu a cacar ƙwallo ta waya, da ka tsare shi kuma sai ya ce maka wasa ɗaya ne kawai ya ɓata masa tikiti, saura ƙiris ya ci. Wannan magana ta "saura ƙiris" ita ce ta sa na zauna na ɗauki biro maimakon in kira waya, domin shekara shida ke nan ina jin irinta daga kujerar bayan motata, kuma ina so ka karanta masa wannan takarda a tsanake, ba cikin faɗa ba.

Ka san tasi nake tuƙawa a garin da caca ce abincinsa, tun da jihar Nevada ta halatta ta a 1931. A manyan gidajen cacar nan akwai wani wasa da suke kira kirafs, wanda ake yi da ƙwaya biyu irin ta ludo, kowace da fuska shida, daga ɗigo ɗaya zuwa ɗigo shida. Na gan shi da idona ranar da na shiga mayar wa wani fasinja wayar da ya manta. Teburin dogo ne mai zurfi kamar kwale-kwale, mutane sun kewaye shi suna ihu, wani ma'aikaci riƙe da sanda mai lanƙwasa yana tura ƙwayoyin ga mai jifa. Ƙwayoyin garai-garai suke, ana hango cikinsu, kuma dole ne mai jifa ya wurga su har su bugi bangon ƙarshen teburi, don kada wani ya ce hannu ya yi dabara. Gidan ba ya buƙatar maguɗi ko kaɗan, kuma wannan shi ne abin da na fi so Auta ya gane.

Idan ƙwayoyin biyu suka tsaya kowace a kan ɗigo ɗaya, Amurkawa suna ce wa wannan jifa idanun maciji, saboda ɗigon nan biyu da ke kallonka kamar maciji a bakin rami. Shi ne mafi ƙanƙantar abin da zai iya fitowa, kuma idan ya zo a jifan farko, duk wanda ya yi caca a kan cewa mai jifa zai ci ya yi asarar kuɗinsa nan take. Haka ma uku, haka ma sha biyu, wadda suke kira taragon jirgi ko tsakar dare. Bakwai kuwa, da zarar wasa ya yi nisa, ko sunanta ba a son a ambata a bakin teburi, domin a camfinsu kiranta ne yake jawo ta. Mutanen da suka ƙera jirgin sama su ne ke tsoron furta sunan lamba.

Wani maƙwabcina da ke aiki a irin wannan teburi ya taɓa zana mini lissafin a bayan ambulan, kuma tun daga ranar bai fita daga kaina ba. Fuska shida sau fuska shida, hanyoyi 36 ke nan da ƙwayoyin za su iya faɗuwa. Bakwai tana da hanyoyi 6 daga ciki, shi ya sa ta fi kowace lamba yawan fitowa. Idanun maciji kuwa hanya ɗaya tak yake da ita, wato 1 cikin 36, ƙasa da kashi 3 cikin ɗari. Akwai masu sa kuɗi a kan cewa shi ne zai fito a jifa na gaba, gida kuma yana biyansu dala 30 a kan kowace dala ɗaya, abin da idan ka ji shi sai ka ɗauka garaɓasa ce. To amma da adalci za a bi, 35 ya kamata a biya, tunda hanyoyin faɗuwa 35 ne, hanyar ci ɗaya. Ka ɗauka mutum ya sa dala ɗaya sau 36, ya ci sau ɗaya kamar yadda lissafi ya nuna: ya fitar da 36, an mayar masa da 31, wato 30 ɗin da ya ci da dalarsa ɗaya. Dala 5 sun tafi, kusan kashi 14 cikin ɗari na duk abin da ya zuba, kuma wannan a lokacin da sa'arsa ta zo daidai ke nan, ba ta gaza ba. Da wannan 'yar tazarar tsakanin 30 da 35 aka gina benayen da nake sauke fasinja a ƙofarsu kullum.

Wata rana wajen ƙarfe uku na dare na ɗauki wani dattijo mai furfura, sanye da kwat mai tsada, hannunsa yana rawa har ya kasa ɗaura bel ɗin kujera. Ya ce mini ya lura an daɗe idanun maciji bai fito ba, sai ya tabbatar wa kansa lokacinsa ya yi, ya riƙa ninka kuɗi a kansa har aljihu ya ƙare. Da muka isa masaukinsa sai ya ciro agogon hannunsa zai ba ni a madadin kuɗin mota. Na ce ya bar shi, na yafe. Abin da bai gane ba shi ne ƙwaya ba ta da tunani, ba ta san abin da ya fito ɗazu ba. Ko an yi jifa ɗari bai fito ba, na gaba ma 1 cikin 36 ne. Ko da za a jera jifa 36 cur, yiwuwar a gama bai leƙo ba ko sau ɗaya ta haura kashi ɗaya bisa uku.

Yanzu bari in dawo kan tikitin Auta. A ce ya jera wasanni goma, kuma a ce kowane wasa rabi da rabi ne, ko ya dace ko ya kuskure. Yiwuwar duka goman su zo masa daidai ita ce 1 cikin 1,024. Amma yiwuwar tara su yi daidai, ɗaya ya ɓaci, ita ce 10 cikin 1,024, domin kowanne daga cikin goman zai iya zama wanda ya ɓata. Ka ga ke nan "saura ƙiris" ya ninka ci sau goma wajen yawan faruwa. Ba alamar ya kusa ba ce, haka abin yake a tsare, kuma wannan zafin na "da na sani da ban sa wasan nan ba" shi ne igiyar da ke jawo yaro ya dawo gobe. Kamfanin kuma, kamar gidan cacar nan, yana rage wani abu daga abin da ya kamata ya biya a kowane wasa, idan aka jera goma sai ragin ya taru.

Hukuncin addini ba sai na tuna maka ba, kai ka fara koya mini ayar Suratul Ma'ida ta 90 da ta haɗa caca da giya, da ta 91 da ta ce shaiɗan yana neman jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninmu ta hanyarsu. Auta ma ya san wannan, amma saninsa bai tsayar da shi ba, shi ya sa na ga ya dace a haɗa masa da lissafi, tunda yaro ne mai kai, kuma yana ganin wayonsa da sanin ƙwallonsa za su fitar da shi. Ina roƙonka kada ka kunyata shi a gaban yaran ɗakinka, kada kuma maganar ta kai kunnen Inna, saboda hawan jininta.

Ragowar kuɗin makarantar zan turo maka ƙarshen wata, amma a hannunka, kai za ka je ka biya ka karɓo rasit. Ka ce masa ya kira ni ranar Juma'a bayan sallar isha'i ta wajenku, lokacin nan rana ta yi, na tashi daga barcin aikin dare. Ka ce ya zo da takarda da biro, da tsofaffin tikitocinsa idan bai goge su ba, mu tara abin da ya zuba da abin da ya dawo masa tun daga farko.

Ka gaishe mini da Inna ƙwarai, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. A gai da matarka da yara da maƙwabta.

Wassalam,
Ƙanenka.