Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga mai juna biyun da ta tambaye ni game da haihuwar watan Mayu da cutar MS

Assalamu alaikum, 'yar'uwa.

A ƙarshen laccar da na gabatar kan lafiyar masu juna biyu kin miƙe a gaban jama'a kin yi mini tambaya, lokaci kuma ya ƙure kafin in ba ki amsar da ta dace. Kin ce kina zaune ne a arewacin Turai, likitoci sun ce a watan Mayu za ki sauka, yayarki tana fama da cutar MS, kuma kin ji ana cewa waɗanda aka haifa a Mayu sun fi kowa samun wannan cuta saboda ƙarancin bitamin D. Kina son ki san gaskiyar maganar, da abin da ya kamata ki yi. Na zaɓi in amsa a rubuce kuma a fili, domin na lura ba ke kaɗai maganar ta tayar wa hankali ba a zauren.

Ke kin san cutar tun da kin gan ta a gida, amma saboda sauran masu karatu bari in faɗi abin da take. Likitoci suna kiran ta maltiful siklarosis, a taƙaice MS, kuma tana samuwa ne idan garkuwar jiki ta juya ta far wa rigar da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, wadda aikinta ya yi kama da na robar da ke jikin wayar lantarki. Idan rigar ta zagwanye, saƙo yakan yi tafiyar hawainiya ko ya yanke gaba ɗaya, sai a ga dishi-dishin gani, ko sagewar gaɓa, ko rashin daidaiton tafiya. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace ta a 1868, kuma ƙididdigar 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya, mata sun ninka maza aƙalla sau biyu. Ba a ɗaukar ta daga wani.

Tun kafin maganar watan haihuwa ta taso, masana sun lura cewa cutar tana ƙaruwa gwargwadon nisan ƙasa daga layin ikweta, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu, har tsibiran Orkney na Sikotlan suka kasance cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Binciken da Geoffrey Dean ya yi a kan Turawan da suka koma Afirka ta Kudu ya nuna cewa wanda ya yi ƙaura tun yana yaro haɗarinsa yakan kusanci na ƙasar da ya koma, wanda kuwa ya tashi bayan kimanin shekara 15 yakan tafi da haɗarin ƙasarsa ta asali. Wannan ya sa aka karkata ga abin da ke samun mutum a farkon rayuwa, kuma rana ce ta fara zuwa a zuciya, domin fata da hasken rana take haɗa bitamin D. Wani gwaji na 1988 ya tabbatar da cewa a birnin Bostan na Amurka fata ba ta iya haɗa shi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a Edmanton ta Kanada kuwa daga Oktoba har Maris, komai daɗewar mutum a waje.

Daga nan lissafin ba shi da wuya. Jaririn da za a haifa a Mayu ya yi mafi yawan zamansa a ciki ne a watannin hunturu, lokacin da bitamin D na uwa ya yi ƙasa, na Nuwamba kuwa cikinsa ya ratsa watannin rana. A 2005 masu bincike ƙarƙashin George Ebers na Jami'ar Oksford suka haɗa bayanan marasa lafiya sama da 42,000 daga Kanada da Birtaniya da Denmak da Suwidin, suka samu waɗanda aka haifa a Mayu sun zarce adadin da ake tsammani da kusan kashi 9 cikin 100, na Nuwamba kuma sun gaza da kashi 8.5. A 2010 aka duba Ostireliya, inda lokutan shekara suke a juye, sai sakamakon ma ya juye: haihuwar Nuwamba da Disamba ta fi ta Mayu da Yuni haɗari. A 2013 aka tattara bincike masu yawa da suka ƙunshi marasa lafiya kusan 152,000, aka ga ƙarin kashi 5 a Afrilu da ragi a Oktoba da Nuwamba. A wannan shekarar dai aka auna jinin cibiyar jarirai 100 a Landan, rabinsu haihuwar Mayu rabinsu ta Nuwamba, aka samu na Mayu sun fi ƙarancin bitamin D. Don haka wanda ya gaya miki maganar bai ƙaga ta ba.

Sai dai a 2013 ɗin nan wasu masana na Jami'ar Kembrij suka kawo suka wadda a ganina ba a bai wa jama'a labarinta yadda ya kamata ba, wataƙila don ba ta da daɗin kanun labari. Sun nuna cewa haihuwa ita kanta ba ta rabuwa daidai a kan watanni goma sha biyu: akwai watannin da aka fi haihuwa, kuma waɗannan watanni suna bambanta daga yanki zuwa yanki, suna kuma sauyawa daga shekara zuwa shekara. To, idan yankin da cutar ta fi yawa shi ne kuma yankin da mutane suka fi haihuwa a Afrilu da Mayu, sannan aka ɗauki marasa lafiyar da yawancinsu daga can suka fito aka gwada su da jimillar haihuwar ƙasa baki ɗaya, dole a ga 'ya'yan Mayu sun yi yawa a cikinsu ko da watan bai taka wata rawa ba. Kuskuren yana cikin zaɓen waɗanda aka gwada da su ne, kuma yawan mutanen da aka ƙirga ba ya gyara shi, sai ma ya sa ya yi kama da tabbas. Wasu binciken da suka biyo baya sun yi ƙoƙarin gyara wannan, wasu suka ga alaƙar ta rage, wasu suka ga tana nan, kuma har yanzu masana ba su zama baki ɗaya a kai ba.

Mu ɗauka ma alaƙar gaskiya ce. Ƙarin kashi 9 cikin 100 ƙari ne a kan abin da tun asali ƙanƙani ne. A misali, idan a cikin yara 1,000 biyu ne za su sami cutar a tsawon rayuwarsu, ƙarin zai mayar da su biyu da ɗan ɗigo, wato sai an tara yara sama da 5,000 kafin a sami mutum ɗaya da za a ce watan ne ya ƙara shi. Irin wannan bambanci yana da amfani ga mai bincike, domin yana nuna masa inda zai haƙa, amma ba ya gaya wa uwa komai game da ɗanta.

Hujjar bitamin D ita kanta ta fi ta watan haihuwa ƙarfi, ko da yake ita ma ba ta rasa giɓi ba. A 2006 masu bincike na Jami'ar Harvard suka duba jinin sojojin Amurka da aka adana tun kafin su yi rashin lafiya, suka samu cewa a cikin fararen fata, masu bitamin D mai yawa sun fi tsira daga cutar. A Finlan, binciken 2016 ya nuna cewa 'ya'yan matan da ke da ƙarancinsa a farkon ciki haɗarinsu ya kusa ninkawa, a Denmak ma an ga makamancin haka a 2017 daga ɗigon jinin da ake ɗauka a diddigen jarirai, amma irin wannan bincike a Suwidin a 2014 bai ga wata alaƙa ba. Wani nazari na Jami'ar McGill da ke Kanada a 2015 ya bi ta hanyar ƙwayoyin gado, ya samu cewa waɗanda suka gaji halittar ƙarancin bitamin D sun fi samun cutar, abin da ke ƙarfafa zaton cewa ƙarancin yana cikin sanadi. Gwajin ba wa waɗanda cutar ta riga ta soma bitamin D mai yawa kuwa sakamakonsa ya rabu: wasu gwaje-gwajen ba su ga amfani ba, amma na Faransa da aka wallafa a 2025 ya ga raguwar motsin cutar a farkonta.

Ya kamata kuma ki auna watan da sauran abubuwan da aka sani. Binciken 2022 a kan sojojin Amurka sama da miliyan 10 ya nuna haɗarin yana ninkawa sau 32 bayan kamuwa da ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda kusan kowane baligi yana ɗauke da ita, kuma mafi yawansu ba sa samun MS har abada. Shan taba da ƙiba a lokacin balaga su ma suna ƙara haɗarin. Gado yana da nasa kaso, amma ko tagwaye masu kama ɗaya, idan ɗaya ya samu, a kusan uku cikin huɗu ɗayan ba ya samu, kuma yaron da yayar mahaifiyarsa ce ke da cutar haɗarinsa bai kai kashi 3 cikin 100 ba.

Shawarata ita ce ki bar maganar watan inda take, kada ta sa ki tunanin matso da ranar haihuwa ko jinkirta ta, domin babu likitan kirki da zai yarda da haka a kan wannan dalili. Abin da ke hannunki shi ne bitamin D ɗinki, wanda ƙasusuwanki da na jaririn suke buƙata ko da babu zancen MS. Baƙar fata tana buƙatar rana fiye da fara kafin ta haɗa adadi ɗaya, don haka zamanki a ƙasar sanyi ya sa ki cikin waɗanda ƙarancin ya fi samu, musamman idan kina yawan zama a ɗaki. A Birtaniya hukumomin lafiya suna ba masu juna biyu shawarar shan maikirogiram 10 a kullum, wasu ƙasashen kuma suna da nasu ma'aunin. Ki gaya wa likitarki ko ungozomarki a zuwa awo na gaba cewa akwai MS a danginku, ki nemi a auna miki jini, ki sha abin da aka rubuta miki. Kada ki ƙara da kanki, domin wuce maikirogiram 100 a kullum na tsawon lokaci yana iya tara sinadarin kalsiyam a jini ya taɓa ƙoda.

Ki gaishe mini da yayarki da jiki, Allah ya ba ta sauƙi, ke kuma ya sauke ki lafiya.

Wassalam.