Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Game Da Jaririn Da Ke Kwalba

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan mai jego tana samun ƙarfi, ɗan bakwainin namu kuma yana ƙara nauyi. Na ga saƙonka cewa kana shirin sayen ɗigon nan mai ɗauke da bakteriya masu amfani, wanda likitoci ke kira furobayotik, domin a riƙa ba shi. Ina so ka dakata tukuna.

Tsoronka yana kan hanya, domin ciwon da kake gudu, wanda ke kumbura hanjin bakwaini har wani sashensa ya ruɓe, na gan shi da idona lokacin da nake aikin jinya. Jariri zai karɓi nono lafiya da safe, kafin la'asar cikinsa ya ɗaure yana sheƙi, aman ya koma kore, a ga jini a kashinsa. Ya fi kama waɗanda aka haifa kafin mako 32, ko waɗanda ba su kai kilo ɗaya da rabi ba.

Ba na musun amfanin ɗigon. A binciken da aka yi a Ostareliya da New Zealand kan jarirai 1,099, wanda ya fito a 2013, ciwon ya sauka daga kashi 4.4 cikin ɗari zuwa kashi 2. Amma da aka gwada wani nau'in daban a Ingila kan jarirai fiye da 1,300, sakamakon 2016 bai nuna wani bambanci ba, wato abin ya danganta da irin bakteriyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 ana iya ba bakwainin da ke shan nonon uwa, sai dai a 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi, bayan wani bakwaini ya rasu sakamakon shigar bakteriyar ɗigon cikin jininsa. Idan haka ta faru a can, me za ka ce da kwalbar da ta yi watanni a kantar kyamis cikin zafin nan?

Saboda haka ka tambayi likitansa kai tsaye, idan ya ce a bari, to a bari. Abin da ke hannunku shi ne nonon uwarsa, wanda yake rage haɗarin ciwon ƙwarai idan aka kwatanta da madarar gwangwani. Ka taimaka mata ta riƙa tatsa duk bayan awa uku, har da dare, kuma ta riƙa ɗora shi a ƙirjinta fata da fata idan an ba ta dama. Na san gwaggonninka za su zo da zuma da rubutu da kyakkyawar niyya. Ka karɓa da ladabi, amma ko ɗigo ɗaya kada ya shiga bakinsa. Ka ce ni na hana, za mu daidaita da su.

Ka turo mini nauyinsa na wannan makon. In Allah ya yarda ina tafe ranar Juma'a.

Mahaifiyarka